Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, malamin da ya mayar da ƙauye birni

 

'Yan uwa masu bibiyar wannan shafi, kwanakin baya bayan sallar La'asar wasu maƙwabta biyu suka tare ni a ƙofar masallaci. Ɗaya ya sayi fuloti a bayan gari, wurin da a da gonar gero ce, ya ja katanga. Ɗayan ya ce katangar ta toshe hanyar da ruwa ke bi tun kaka da kakanni, damina na sauka ruwan cikin ɗakin matarsa zai kwana. Kowannensu da takardarsa a hannu, kuma kowannensu a sahun farko yake salla. Mun samu an sasanta, alhamdu lillahi, amma abin bai bar raina ba.

Duk wanda ya san Mashi shekara 20 da suka wuce ya san garin ya canza. Gonakin bakin gari sun zama fulotai, shaguna sun jeru a gefen titin Katsina zuwa Daura, an samu unguwannin da ko sunansu dattawa ba su riƙe ba. Wannan arziki ne, ba mu raina ba. Sai dai girman gari yana zuwa da tambayoyi: ina hanya za ta bi, ina ruwa zai bi, ina dabba za ta sha, ina za a rufe mamaci, wa zai san maƙwabcinsa? Wasu na ɗauka waɗannan tambayoyi na injiniyoyi ne da ma'aikatan ƙasa da safiyo, babu ruwan malamai. Shi ya sa yau na ga ya dace mu karanta rayuwar wani malami wanda ya ɗauki tsara gari a matsayin aikin addini, wato Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya jiƙansu da rahama.

An haifi Muhammadu Bello a shekara ta 1195 bayan Hijira, daidai da 1781. Ya tashi a Degel, wani ɗan ƙauyen malamai a ƙasar Gobir. Degel ba birni ba ne, zaman almajirai ne da iyalansu da dabbobinsu, kowa ya san kowa, abin da ya tara mutane karatu ne. A nan ya yi karatu a wurin mahaifinsa, da baffansa Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, da yayansa Muhammadu Sa'adu, da wasu malaman jama'ar. Ya ƙware a Larabci da fiƙihu da tafsiri da hadisi, kuma tun yana matashi Shehu ke aikensa da wasiƙu da saƙonni.

A watan Fabrairun 1804, da zama ya gagara tsakanin jama'ar Shehu da Sarkin Gobir Yunfa, aka yi hijira daga Degel zuwa Gudu. Bello yana ɗan shekara 22 a lokacin. A watan Yunin shekarar aka yi nasara a Tafkin Kwato, amma abin da ya biyo baya wahala ce zalla. Jama'a ta yi ta yawo da mata da yara da tsofaffi, yau nan gobe can, babu rumbu babu ganuwa. A Tsuntsuwa, ƙarshen 1804, tarihi ya kawo cewa an rasa mutum wajen 2,000, cikinsu akwai mahaddata Alƙur'ani kusan 200. A Alwasa ma cikin 1805 an sha kashi mai tsanani. Ga yunwa, ga cuta.

Ku riƙe wannan, don shi ne mabuɗin fahimtar mutumin. Wanda ya ga malamai na mutuwa saboda babu abinci, ya ga karatu ya tsaya saboda babu wurin zama, ba sai an gaya masa amfanin rijiya da rumbu da kasuwa ba. Bello ya koyi darajar gari ne a lokacin da jama'arsa ba ta da gari.

A cikin waɗannan shekaru ne ƙasarmu ta shiga labarin. Shehu ya aiki Bello zuwa Birnin Gada a Zamfara, inda ya gana da jagororin jama'a na Katsina da Daura da Kano, ya karɓi mubaya'arsu a madadin mahaifinsa. A Katsina Malam Ummarun Dallaje ya zama sarki, a Daura kuma Malam Isiyaku. Sarakunan da aka fitar daga Katsina daga baya suka kafu a Maraɗi, na Daura suka ƙare a Zango. Ta haka wannan yanki namu na arewacin Katsina ya zama bakin iyaka na tsawon shekaru, inda ganuwa ke raba mutum da hari.

A watan Oktoban 1808 birnin Alƙalawa ya faɗi, Bello ne ke jagorantar rundunar. Yaƙi ya lafa, sai babbar tambaya ta taso: ina za a zauna? A 1809 Bello ya zaɓi wani ɗan ƙauye a kan tudu mai suna Sakkwato, ya fara gina shi. Ku dubi abin da ya duba. Wurin tudu ne, ana hango mai zuwa, kuma ambaliya ba ta kai masa. A ƙarƙashinsa gulbin Rima da gulbin Sakkwato suke haɗuwa, ga ruwan sha, ga fadama ta noma da kiwo rani da damina. Sannan wurin yana tsakanin ƙasar Gobir da ta Kabi, inda ake tsoron fitowar hari. Ma'ana, kafin a aza tubali ɗaya an riga an amsa tambayar ruwa da abinci da tsaro.

Da aka zo gini, sai aka zagaye garin da ganuwa, aka sa masallacin Juma'a da gidan sarki da fili a gabansa, aka ware kasuwa, aka raba unguwanni. Shehu kansa bai shigo nan da nan ba, ya zauna a Sifawa yana karantarwa da rubutu sai 1815. Da ya tashi dawowa, aka faɗaɗa garin ta yamma, wurin da har yau ake kira Sabon Birni, inda masallacin Shehu da hubbarensa suke. Kun ga ko faɗaɗawar ma da tsari aka yi ta: sabuwar unguwa ta zo da masallacinta da makarantarta, ganuwa kuma ta rungume ta. Sunayen ƙofofin suna nan a bakin mutane, Ƙofar Kware, Ƙofar Rini, Ƙofar Marke, Ƙofar Taramniya, Ƙofar Atiku da sauransu.

Ba Bello ya ƙago wannan ba, gado ya tarar. A zamanin Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, da aka kafa Kufa a ƙasar Iraƙi wajen shekara ta 17 bayan Hijira a hannun Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas, masallaci aka fara shatawa, aka bar fili a kewayensa, sannan aka yanka hanyoyi: manya kamu 40, masu bi musu kamu 30 da 20, lungu kuma kada ya gaza kamu 7. Wannan kamu 7 ɗin yana da asali a hukuncin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yanke game da faɗin hanya idan mutane suka yi saɓani a kanta. Malaman fiƙihu sun yi babi guda a kan rayar da matacciyar ƙasa, da hurumin gari, da hurumin rijiya, da wurin kiwon da ba a mallaka wa kowa. Kalmar hurumi da muke faɗa a Hausa daga can ta samo tushe. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ma ya rubuta littafi sukutum a kan hanyoyin da mutum ke mallakar ƙasar da ba ta da mai ita, mai suna Ta'alimur Radi. To wanda ya ce maganar fili da hanya ba ta malamai ba ce, ya koma ya duba.

Shekara 15 bayan kafa garin, a watan Maris na 1824, wani Bature ɗan Birtaniya mai suna Hugh Clapperton ya iso Sakkwato. Bayanin da ya bari ya nuna gari mai cike da jama'a fiye da duk wanda ya gani a tafiyarsa, mai tituna a tsare, da doguwar ganuwa mai ƙofofin da ake rufewa da faɗuwar rana, da manyan masallatai biyu, da kasuwa mai faɗi a tsakiya. Ya tarar da sarki mai tambaya a kan ƙasashe da magani da ilimin taurari, har Bello ya nemi a aiko masa da likita. Da Baturen ya dawo a 1826 ya kawo masa littattafan Larabci, cikinsu har da littafin lissafi na Iƙlidis. A wannan zuwa na biyu Clapperton ya rasu a kusa da Sakkwato, cikin Afrilun 1827.

Amma jama'a, kada mu ba da labarin kamar komai lafiya lau ya tafi. Girma yana da farashi, kuma mutanen farko sun ji shi a jikinsu. Tun a 1807 Malam Abdullahi ya ga yadda son mulki da dukiya suka fara shiga zukatan wasu daga cikin jama'a, ransa ya ɓaci, ya bar rundunar da niyyar tafiya Makka. Mutanen Kano ne suka tsayar da shi, ya zauna ya rubuta musu Diya'ul Hukkam a kan yadda ake mulki da shari'a, sannan ya komo. Jama'ar da ta taru a Degel don karatu yanzu ta zama masu sarauta da gandaye da bayi. Gaskiya ce kuma cewa yawancin hannayen da suka yi noma da gini a sababbin garuruwan nan kamammun yaƙi ne. Wannan yana cikin tarihin, ɓoye shi ba ya ƙara wa kowa daraja.

Da Shehu ya rasu a Afrilun 1817 aka yi wa Bello mubaya'a, sai ƙasa ta motsa. Wurare da dama suka tayar. Mafi ciwo shi ne na Malam Abdussalami, ɗaya daga cikin manyan almajiran Shehu na farko, wanda ke zaune a Kware, arewa da Sakkwato kaɗan. Yana ganin an tauye shi a rabon ƙasa, kuma yana kukan zaluncin wasu masu iko. Aka yi ta musayar wasiƙu, abin bai gyaru ba, aka kai ga yaƙi, ya rasu a farkon 1818. Abin lura shi ne Bello bai binne maganar ba, ya tattara wasiƙun da hujjojin ɓangarorin biyu a littafinsa Sardul Kalam. Ku duba fa, rikicin da ya fi girgiza sabuwar daula daga cikin gida, da maganar rabon ƙasa a cikinsa. Tsakaninsa da baffansa Abdullahi ma an samu 'yar tsamin dangantaka a kan gadon Shehu, har sai da Bello ya kai masa ɗauki a yaƙin Kalambaina, suka rungumi juna, kowa ya riƙe ɓangarensa, Abdullahi a Gwandu, Bello a Sakkwato.

Waɗannan fitinu sun koya wa Bello cewa gari ɗaya ba ya riƙe ƙasa. Sai ya ɗauki tsarin ribaɗi, wato garin bakin iyaka mai ganuwa wanda mazaunansa ke tsaro suna noma suna karatu. Ya rubuta a kan hukuncinsa da falalarsa, sannan ya aikata. Aka kafa wasu garuruwan, aka ƙarfafa wasu, irin su Wurno da Kware da Gandi da Bakura, ya ɗora 'ya'yansa da 'yan uwansa a kansu don kada su taru a birni suna cin daɗi. Kowane ribaɗi da limaminsa da alƙalinsa da malamin makaranta. Ya kuma yi ta jan hankalin Fulani makiyaya su zauna wuri ɗaya kusa da garuruwa, 'ya'yansu su yi karatu, su samu Juma'a da jam'i, su riƙa kiwon dawaki da raƙuma da tumaki tare da shanu. Ya fahimci cewa makiyayin da aka ba wurin zama da mashaya da makaranta ɗan gari ne, wanda aka bari a daji ba malami ba alƙali kuwa, wata rana sai an neme shi da makami. Wanda ke zaune a Jihar Katsina a yau ba ya buƙatar a yi masa sharhin wannan.

Akwai wani littafi nasa da ya kamata mu mutanen ƙasar Katsina mu fi kowa saninsa, don saboda mu aka rubuta shi. Sarkin Katsina Ummarun Dallaje ne ya nemi Bello ya rubuta masa nasiha a kan mulki, ya rubuta masa Usulus Siyasa, ya gina shi a kan asasai bakwai. Ɗaya daga cikinsu ya tsaya ne a kan maslahar jama'a ta duniya. A ciki ya ɗora wa shugaba nauyin kula da masu sana'a, manoma da maƙera da maɗinka da marina da mahauta da masassaƙa da masu magani, ya tabbatar kowane gari da ƙauye yana da nasa. Ya ɗora masa nauyin sa mutane su noma abinci su adana, da raya garuruwa da ƙauyuka, da gina ganuwa da gada, da gyaran kasuwa da hanya. A wurin Bello, sarkin da ya bar hanya ta lalace ko kasuwa ta mutu ya tauye amanar da zai amsa tambaya a kanta. Yana da wani littafin kuma, Tanbihus Sahib, a kan hukuncin neman na kai da darajar sana'a. An ruwaito cewa shi kansa yana ƙoƙarin ci daga guminsa, yana kaffa-kaffa da dukiyar baitulmali. Ga littafinsa na tarihi Infaƙul Maisur da ya kammala a 1812, ga rubuce-rubucensa a kan magani, har da ciwon ido da basur.

A ƙarshen rayuwarsa ya fi zama a Wurno, ribaɗin da ya gina a arewa maso gabas da Sakkwato, a bakin fadamar Rima. Mutumin da ya gina birni ya bar jin daɗin birnin ya koma bakin daga. A 1836 ya jagoranci yaƙin Gawakuke, inda ya karya haɗin gwiwar Gobir da Maraɗi da Abzinawa. A watan Oktoban 1837, daidai da Rajab 1253, Allah Ya karɓi ransa a Wurno bayan shekara 20 yana Sarkin Musulmi, kuma a can kabarinsa yake. Ƙaninsa Abubakar Atiku ya gaje shi. Ɗansa Aliyu Babba da ya hau a 1842 ya mayar da Wurno mazauninsa. Sakkwato kuwa ta ci gaba da girma, Turawa suka ci ta a Maris 1903, ta zama hedikwatar lardi, daga baya babban birnin jiha. Ganuwar ta rushe, gari ya tsallake ta nesa, amma masallatan nan biyu da fadar da hubbaren suna inda aka aza su.

To mu dawo gida. Ba ina cewa a mayar da Mashi zamanin ganuwa ba ne, kowane zamani da kayan aikinsa. A yau Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna a matsayin amana, ƙaramar hukuma kuma tana da hannu a filayen karkara, ga hakimi da dagatai da masu unguwa da suka san iyakar kowace gona. Hukuma tana nan. Abin da ke ƙaranci shi ne tunanin da Bello ya yi kafin ya aza tubali. Shi ya fara da ruwa da hanya da masallaci da kasuwa, gidaje suka biyo baya. Mu kuwa sai mu yanka gona ƙaf mu sayar, kowane taku ya zama kuɗi, bayan an gama gini a fara neman inda za a yi masallaci, a tarar lungun ko motar ɗaukar mara lafiya ba ta shiga, makara ma sai an karkata ta.

Saboda haka nasihata ga mai gonar da zai yanka fulotai: ka fitar da hanya mai faɗi da magudanar ruwa tun kafin ka karɓi kuɗin kowa, ka ware wurin masallaci da makaranta. Abin da ka rage a lissafi sadaka ce mai gudana, kana kabari ana bin hanyar ana rubuta maka. Ga mai gini: taku ɗaya da ka ci na hanya haƙƙin duk mai wucewa ne, kuma ka san gargaɗin da ya zo mai tsanani a kan cin ko da taƙi ɗaya na ƙasa da zalunci. Takardar hannunka ba za ta yi maka jawabi a Lahira ba. Ga dillalai da masu sa hannu: burtali da mashaya da maƙabarta da filin Idi ba na sayarwa ba ne, ko da wanda zai hana ya yi shiru. Ga 'yan uwana limamai da malamai: mu buɗe babin nan na fiƙihu a majalisanmu kamar yadda muke buɗe babin tsarki, don rigimar fili ta fi rigimar alwala yawa a ƙofofinmu.

Akwai kuma abin da ba a auna shi da igiyar safiyo. Malam Abdullahi bai bar runduna don an rasa ganuwa ba, zukata ya ga sun canza. Ƙaramin gari yana da wata dukiya: ana sanin wanda bai fito Asuba ba, ana sanin gidan da ba a ɗora tukunya ba, yaron kowa na kowa ne. Idan gari ya faɗaɗa, wannan ce ke fara zubewa ba a ji ƙararta ba. A sababbin unguwanninmu akwai wanda ya shekara biyu bai san sunan mai katanga ɗaya da shi ba. Maganin wannan ba ya hannun gwamnati. Baƙon da ya tare a unguwarku, ku je ku yi masa barka da zuwa, ku nuna masa masallaci, ku sa shi cikin sha'anin suna da jana'iza. Haka Bello ya yi da mutanen da ya tara a ribaɗi daga ƙabilu daban-daban, liman ɗaya da alƙali ɗaya da kasuwa ɗaya suka mayar da su 'yan gari ɗaya.

Maƙwabtan nan biyu da na faɗa muku, a ƙarshe mai katangar ya yarda ya fasa ƙasanta ya sa kwalbati, ɗayan ya ɗauki rabin kuɗin siminti. Da an bar wa ruwan hanyarsa tun ranar da aka yanka gonar, da ba a kai ga haka ba.

Allah Ya jiƙan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da Shehu da Malam Abdullahi da sauran magabatanmu, Ya gafarta musu kurakuransu. Allah Ya raya garuruwanmu da imani da zaman lafiya, Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, Ya kawo mana ƙarshen rashin tsaro. Wanda ya karanta ya tura wa ɗan uwansa, musamman mai shirin yanka gona ko aza harsashi.

Wassalamu alaikum warahmatullah.